Hancin Sufeto

Ranar da Sufeto ta zauna a gaban Kuku, kowa a sansanin ya yi dariya, ban da Mai Kare.

Sufeto karya ce, baƙa mai jajayen ƙafafu, kuma a duk ƙungiyar kwance nakiyoyi babu ma'aikacin da ya kai ta daraja, sai dai ba a faɗar haka a gaban Shugaba. Aikinta shinshina ƙasa. Idan ta ji warin nakiyar da aka binne tun zamanin yaƙi, sai ta zauna ta kafe wurin da ido, ba tono, ba haushi. Mai Kare ya kira ta baya ya jefa mata ƙwallonta na roba, sannan masu na'ura su zo su tone abin a hankali. Shekara biyar ke nan suna haka, kuma tun da yake da ita bai taɓa ganin ta yi irin wannan zaman a banza ba.

To, ga shi ran Litinin da rana Kuku ya fito daga kicin yana murza hannu, sai Sufeto ta miƙe daga inuwa, ta je gabansa, ta zauna, ta zuba masa ido.

"Na shiga uku!" in ji Kuku. "Mai Kare, gaya wa 'yarka ni ba nakiya ba ne."

Direba ya leƙo daga ƙarƙashin mota. "Kar ka motsa, Kuku! Dama na daɗe ina zargin tumbin nan. A kira masu na'ura."

Aka bushe da dariya a bayan takunkumi. Mai Kare ya yi murmushi don kada a ce ya cika ɗaukar abu da zafi, amma bai jefa ƙwallon ba. Ya ja igiyarta suka koma keji, yana tafe yana waiwayen Kuku. Nama ne a hannunsa? In nama ne, da tsalle za ta yi tana kaɗa wutsiya. Wannan zaman aiki ne. Me ta ji?

Wata huɗu ke nan da annoba ta shigo, ta juya musu aiki. An rufe sansanin, ba mai zuwa gida, ba mai kawo ziyara. Motar da ke ɗaukar mutum goma ta koma ɗaukar huɗu. An ba asibitin gari aron motar ɗaukar marasa lafiya guda, aka bar musu ɗaya. Malaman da ke tara mutane su koya musu gane nakiya sun koma zagaye da lasifika, suna haɗa wa'azi biyu a numfashi ɗaya: kada ka taɓa abin da ba ka sani ba, kada ka taɓa fuskarka. Takunkumi a ƙarƙashin gilashin fuska kuwa azaba ce, kana numfashi gilashin na yin hazo. Maganar tazara ce kawai ba ta dame su ba, don su dama taku ashirin da biyar suke bari tsakaninsu a fili. Direba ya ce duniya ce ta zo ta same su a inda suke.

An kuma turo musu katan-katan na sanitaiza mai ƙanshin lemo, aka kafa kwalba a bakin ƙofa, a kicin, a sito, har a cikin motoci. A duk sansanin ba wanda ya kai Mai Kare riƙo da dokar shafa ta. Mutum ne mai tsantseni, irin wanda zai kulle ƙofa ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. A wannan aiki ana son irinsu, su ne suke tsufa da ƙafafunsu biyu.

Babban canjin shi ne na hanyar rijiya. Da can gonaki suke sharewa. Da annoba ta zo, Shugaba ta ce a bar gona tukuna, a koma ƙauyen da ke bayan sansanin, inda tsohuwar rijiya take a ƙarshen wata hanya mai taku ɗari uku da ba wanda ya taka shekara goma sha biyu. Matan ƙauyen sai sun yi tafiyar awa biyu zuwa rafi. A ƙa'ida karnuka biyu ne ke bin kowane yanki, ɗaya bayan ɗaya. Amma mai kula da ɗaya karen ya tafi hutu, aka rufe hanyoyi yana can, karensa kuma ba ya jin maganar kowa, yana kwance yana ƙiba. Sai aka yarda Sufeto ta bi hanyar sau biyu a ranaku daban-daban. Ta bi, ta gama, ba ta zauna ko sau ɗaya ba. Aka kafa fararen turaku, alamar an share hanya, aka sa Alhamis ranar buɗewa.

A ƙauyen nan yayar Mai Kare take aure. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau, da furfurarsa da komai, Auta take ce masa. Tun da aka rufe sansanin ba su haɗu ba sai a bakin igiyar da ta raba fili da ƙauye, shi a nan, ita a can, suna ɗaga murya kamar masu faɗa.

Da yammar Litinin ɗin ta zo, takunkuminta a ƙarƙashin haɓa kamar kullum.

"Yaya, hanci ake rufewa, ba haɓa ba."

"Rufe mini baki, Auta. Rediyo na cewa mu wanke hannu sau goma a yini. Da me? Da yawu?" Ta ɗaga wani sabon guga da igiyarsa. "Ka gani? Na gaya wa matan nan, ran Alhamis ni ce a gaba. Ƙanena ne ya share hanyar, wace ce za ta riga ni?"

"Gwiwar fa?"

"Gwiwa ta ji labarin rijiya, ta warke."

Ya yi dariya, ya ji daɗi har cikin ransa. Ba kullum ƙane yake samun abin da zai saka wa yayarsa da shi ba.

Washegari da safe, suna fita, Sufeto ta sake. A bakin ƙofa, gaban sandar da aka ɗaure kwalbar sanitaiza, ta ja ta tsaya, ta zauna, ta kafe kwalbar da ido. Mai Kare ya dubi kwalbar, ya dubi karyar. Ya tuna Kuku yana murza hannu. Ya matsa ɗan man a tafinsa, ya miƙa mata daga nesa. Ta bar kwalbar ta juyo ta zauna a gabansa, tana jiran ƙwallo.

Abin ya ɗaure masa kai fiye da yadda ya ba shi tsoro, da farko. Wa ya koya mata? Kare ba ya ƙirƙiro darasi, abin da aka biya shi a kai shi yake nema. Shi kuwa bai taɓa ba ta ƙwallo don lemo ba. A wuri biyu kawai take samun ƙwallo: a fili idan ta gano nakiya, da wurin gwajin safe.

Gwajin safe aikin Alƙali ne, wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a ƙungiyar, aka sa masa sunan don shi ke yanke hukuncin ko kare zai fita aiki ranar ko zai kwana a keji. Yana binne guntayen nakiya da aka kashe, waɗanda ba sa tashi, a inda shi kaɗai ya sani. Idan karya ta gano su duka, ta ci. Tsohon filin gwajin yana ƙetaren titi, wajen shinge, don haka da aka rufe sansanin sai aka yi sabo a bayan sito, Alƙali yana binne guntayen kowace yamma. Ba ya taɓa su da hannu, da awartaki yake ɗauka daga cikin gwangwaninsu, don kada warin mutum ya hau su.

Mai Kare ya same shi a sito yana gyara igiyoyi.

"Baba Alƙali, ka taɓa shafa sanitaiza kafin ka binne guntayen?"

Dattijon ya ɗago a fusace. "Ni? Shekara ashirin ina wannan aiki. Da ruwa zalla nake wanke hannu, in sa safar hannu, in ɗauki awartaki. Me kake nufi?"

"Ba komai, Baba. A ba ni awartakin in gani."

Ya sauke takunkumi ya kai ƙarfen hanci. Lemo. Ya buɗe gwangwanin. Lemo, har da daɗi. Nan take ya san hannun da ya yi wannan. Alƙali yana da ciwon suga, an ce irinsu annoba ta fi kayarwa. Tun makon farko Mai Kare yake bi bayansa kowace yamma, ba tare da ya gaya wa kowa ba, yana goge duk abin da dattijon zai taɓa: mariƙin ƙofa, kujera, shebur, awartaki, murfin gwangwani ciki da waje. Wata uku da rabi yana wannan alheri.

"Ni ne, Baba," ya ce. Ya faɗa masa komai.

Mai Kare ya so a ce Alƙali ya zage shi, da ya fi sauƙi. Amma dattijon sai ya jawo littafinsa daga aljihu, ya lashi yatsa, ya tuna da annoba, ya goge yatsan a riga.

"Wari biyu take ji a tare kullum, na nakiya da na lemo, ƙwallo na biyo baya. Na lemo ya fi ƙarfi. Tambayar ita ce, ta ƙara lemo a kan nakiya ne, ko ta musanya?" Ya buɗe wani shafi mai zane. "A tsohon fili akwai guda uku da na binne tun bara, ba abin da ya taɓa su sai ruwan sama. Mu je mu tambaye ta."

Suka ce wa Direba ya tsaya da su a ƙetaren titi. Ciyawa ta fara rufe filin, amma turakun na nan. Alƙali ya zagaya can gefe ya ɗiga sanitaiza a kan wani dutse, ya tura shi cikin ƙasa da takalmi. Mai Kare ya tsaya a bakin layi ya saki doguwar igiya. "Nema!"

Sufeto ta sa hanci a ƙasa ta tafi, kyakkyawar tafiya, a miƙe kamar an ja zare. Ta je ta dawo, ya matsa taku ɗaya, ta sake. Mai Kare ba ya kallon ƙasa, Alƙali yake kallo ta wutsiyar ido. A layi na huɗu ya ga dattijon ya runtse ido. Ta wuce ta farko ke nan. A na bakwai ta zauna, Alƙali ya gyaɗa kai, wannan ta gano. A na tara kuwa ta rage sauri, wutsiyarta ta tsaya cak, kunnenta na hagu ya juya, na tsawon numfashi biyu. Sai ta ci gaba. Da ta iso kusa da dutsen lemo, tun daga nesa ta ja igiya, ta zauna da ƙarfinta, tana rawar jiki don murna.

"Ɗaya cikin uku," in ji Alƙali a hankali.

Mai Kare bai ji shi ba. Wannan tsayawar wutsiya, wannan juyin kunne, ya taɓa ganinsu. Makon jiya, a zagaye na biyu na hanyar rijiya, dab da tsohon kwamin shayar da dabbobi da ya fashe. Ya ɗauka ɓera ne ko ƙadangare.

A nan ne fa zuciya ta zo da nata shawarwarin, kuma zuciya ba ta rasa lauya. Takardu tsaf suke, Sufeto ta ci gwaji kowace safiya, da sa hannun Alƙali. Wataƙila ɓeran ne da gaske. Idan ya yi magana za a cire ta daga aiki, ga ta da shekara bakwai, ba lalle a ɓata lokaci a sake koya wa tsohuwar karya ba. Shi kuma a ce wa? Mai Kare da ba kare? Abin da Sufeto ta bi a kwana shida, masu na'ura sai sun yi makonni a durƙushe, matan kuma su ci gaba da zuwa rafi. Duk wannan ya bi ta kansa kafin su ƙetare titi. Sai ya hango sabon gugan nan, da mai riƙe da shi tana ɗingishi a gaban layi, lauyan ya yi shiru.

Shugaba tana ofis, teburinta a bakin taga don iska, an ja layi da fenti a ƙasa inda mai shigowa zai tsaya. Mace ce da ba ta ɗaga murya, abin da ya sa ake tsoronta ke nan. Ya tsaya a kan layin ya faɗi komai, bai rage ba, har da kwamin.

"Wa ya sa ka goge awartakin?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

Ta cire tabarau ta murza idonta. "Ni na ce a goge duk abin da hannu ke taɓawa. Ni na roƙi a yarda da kare ɗaya. Kowa ya kawo nasa tubalin." Ta mayar da tabaran. "Za a cire fararen turaku a mayar da jajaye na haɗari, yau. Duk inda ta bi tun da aka rufe sansani za a sake bi. Sufeto ta koma keji. Mutanen ƙauye kuwa, zan tura lasifika."

"A bar ni in gaya musu da bakina."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Yayarka ce mai gugan nan?"

"Ita ce."

"To Allah ya ba ka sa'a. Ni da nakiya na saba."

Laraba da yamma ya je bakin igiya. Labarin jajayen turaku ya riga shi, mata sun taru, kowace ta sha mur, tazarar ma an manta da ita. Yaya tana gaba.

"Auta, me nake ji?"

Ya yi bayani. Bayanin lemo da awartaki ba shi da daɗin faɗa da ƙarfi a gaban mata talatin da suka gaji da tafiya rafi. Wata ta ce dama ita ba ta taɓa yarda da aikin kare ba. Wata ta ce su da suke cin abinci sau uku a sansani me ya dame su. Yaya ta yi masa tatas.

"Wato turare ka shafa wa karyar ta rikice? Tun kana yaro haka kake, a ce ka share ɗaki sai ka wanke har bango. Ka sa na yi baki a gari, Auta. Da wane ido zan kalli matan nan?"

"Da idonki biyu, Yaya, kina tsaye a kan ƙafafunki."

Ta ɗauki guganta ta juya. Ya tsaya yana kallon ɗingishinta har ta sha kwana, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Kwana tara ba ta zo bakin igiya ba, in ya kira waya sai jikarta ta ce ta tafi rafi.

Masu na'ura suka fara daga bakin hanya, a durƙushe, suna share faɗin taku ɗaya, gilashi na hazo suna gogewa. Mai Kare ya roƙa a fara da wajen kwamin, aka ce ba a tsallake, sai an share hanyar zuwa can. Shi aka ba shi yankan ciyawa da ɗaukar turaku. Da yamma shi da Alƙali su dafa awartaki a ruwan zafi, su kai Sufeto tsohon fili, su koma darasin farko kamar 'yar kwikwiya: nakiya, ƙwallo, lemo, ba komai. Ran farko ta zauna a gaban lemo sau goma sha ɗaya, tana kallonsa da mamaki, me ya sa yau ba a biya. Shugaba ta ba su mako shida, in ba ta ci gwaji ba shi ke nan.

Kwana takwas ba a sami komai ba sai ƙusoshi, murfin kwalba da rabin cokali. Har Direba ya fara cewa wataƙila dai ɓeran ne. A rana ta tara, da hantsi, usur ya yi ƙara daga wajen kwamin, aka ɗaga jar tuta. Nakiya ce, taku ɗaya da rabi daga bakin kwamin, zurfin yatsa huɗu, irin mai jikin roba, lafiyarta ƙalau kamar jiya aka binne ta.

Aka zagaya da lasifika cewa za a tayar da nakiyar da azahar, za a ji ƙara, kada kowa ya firgita. Da ta tashi, ƙasa ta girgiza har sansani, kwanonin Kuku suka yi kuka. Mai Kare yana zaune a bakin keji, hannunsa a wuyan Sufeto.

Sai da aka ƙara mako biyu da kwana uku kafin a mayar da fararen turaku. Ba a sami wata ba, ita kaɗai ce. Ran buɗewa mata suka yi layi da tazara, Shugaba da kanta ta fara taka hanyar har rijiya ta dawo, kamar yadda suke yi duk inda suka share. Yaya ba ta gaba. Tana can wajen ta goma, takunkuminta a kan hanci.

Mai Kare yana tsaye gefen rijiya da Sufeto a gajeriyar igiya, an ba shi izinin kawo ta ta gani, ko da yake saura mako biyu ta san hukuncinta. Da Yaya ta iso kwamin sai ta tsaya. An cike ramin, amma ƙasar wurin sabuwa ce, baƙa, faɗin tabarma. Ta daɗe tana kallonta.

"Nan nake ajiye tulu," ta ce, ba ta dube shi ba. "Tun ina amarya. In na ɗebo sai in sauke a nan in gyara gammo." Ta nuna da ƙafa, daidai tsakiyar baƙar ƙasar, sannan ta janye ƙafar.

Ta wuce ta zura sabon gugan. Igiyar ta yi ta tafiya, can aka ji ya taɓa ruwa, matan baya suka saki ajiyar zuciya. Ta jawo shi a cike. Maimakon ta juye a bokiti sai ta juyo.

"Miƙo hannun nan naka mai jawo magana."

Ya miƙa daga inda yake, ita ma ta miƙa nata iya tsawonsa, ta zuba masa. Ruwan da sanyi. Ya wanke har gwiwar hannu, sannan ya ɗago ya dube ta.

"Yaya."

"Yi mini shiru, Auta. Wanke."

Ya wanke. Sufeto ta matso ta shinshina yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta sami abin zama ba, ta mayar da hancinta ƙasa.